Gilashin Hular Kwano a Lokacin Damina

'Yan'uwana ɗalibai, wata safiya a watan Yuni ina kan babur za ni lacca, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kafin in ankara gilashin hulata ya yi dishi-dishi, saura ƙiris in afka cikin kwalbati. Wani ɗan acaba Bahaushe da muka fake tare a rumfa ya ce mini, "Ɗan makaranta, ruwan nan biyu ne, na waje da na ciki."

Na waje shi ne ɗigon ruwan sama. Na ciki kuwa numfashinka ne mai ɗumi, wanda kan zama raɓa idan ya taɓa gilashi mai sanyi. Ga abin da na koya:

1. Ka ɗan ɗaga gilashin kaɗan, iska ta riƙa shiga.
2. Tun a gida ka shafa ɗigo ɗaya na sabulun ruwa ta ciki, ka goge da ƙyalle mai laushi.
3. Kada ka goge shi alhali da ƙura a jikinsa. Ka wanke tukuna, domin roba ce, tana karcewa, kuma karce yana watsa hasken fitilu da dare.
4. Kada ka sa baƙin gilashi cikin ruwa.

A lura da aikatau biyun nan: da ruwa ake wankewa, da ƙyalle ake gogewa. Ni kaina na daɗe ina musanya su.

In kuwa hanya ta ƙi ganuwa, ka tsaya ka fake. Gara malam ya yi maka faɗan makara da a kai ka asibiti.