Mu Kare Uwa da Jariri daga Sida

An fara gano ciwon sida a Nijar a shekarar 1987. Kowa yana iya kamuwa, amma mata da yara sun fi shiga haɗari. Me ya sa?

Na ɗaya: a Geshame da sauran garuruwan Arewa, mazanmu da yawa sukan tafi cin rani bayan girbi. Wanda ya ɗauko cutar a can yakan sa wa matansa bai sani ba, domin ƙwayar tana shekaru a jiki babu alama.

Na biyu: yarinyar da aka aurar da wuri jikinta bai ƙosa ba. Takan ji rauni wajen kwanciyar aure, ƙwayar ta samu hanya.

Na uku: uwa tana iya sa wa jaririnta lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa. In babu magani, cikin jarirai 100 irin waɗannan, 15 zuwa 45 sukan kamu. In uwa tana shan magani, ba su kai 5.

Saboda haka mu je gwajin jini, miji da matansa tare. Mai ciki kada ta fasa zuwa awo. Rigakafi ya fi magani.