TARKEN JAWABIN RASHI A TSAKANIN ƊALIBAI

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da akan ɗora wa ɗalibin Hausa akwai tarken jawabin ɗan'uwansa a aji. Aikin kan yi nauyi idan jawabin na rashi ne. A ɗauka mai jawabin ɗan Ruwan Godiya ne, ta ƙaramar hukumar Faskari. Wannan yanki, haɗe da Sabuwa da Ƙanƙara, ya sha hare-haren 'yan bindiga, har aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Irin wannan ɗalibi, mai yiwuwa makokin gidansu yake bayarwa.

2.0 Abin da Ake Aunawa

Baƙin ciki ba ya hawa sikeli. Abin da ke hawa shi ne jigo, da zubi da tsari, da salo, wato ma'aunan da Abdulƙadir Ɗangambo ya tanada don feɗe waƙa. A wajen tsari, marsiyya madubi ce. Irin wadda Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, kan jero halayen kirki na mamaci, sannan ta rufe da addu'a. Idan jawabi ya tsaya ga kwatanta kisa kawai, mai tarke na da damar nuna cewa an bar mamacin kansa a baya. A wajen salo kuwa, sai a duba zaɓen kalmomi, domin "ya rasu" ko "ya riga mu gidan gaskiya" sun fi "ya mutu" dacewa da mutum.

3.0 Kunya da Dauriya

Kuskure ne a ce jawabi ya yi sanyi don mai shi bai zubar da hawaye ba. Bahaushe na yaba dauriya, kuma kunya kan hana uwa ko uba ambaton sunan ɗan fari ko da ya rasu. Sakaya zance a nan ƙwarewa ce.

4.0 Kammalawa

Mai tarke ya fara da ta'aziyya, sannan yabo, sannan gyara. Kada ya nemi ƙarin bayani kan yadda aka yi rashin. Gyaran da ya taɓa iyali kuwa, a keɓe ake yin sa bayan an tashi daga aji.