Kafin Mu Sayi Injin Niƙa, Mu Zauna Mu Yi Lissafi

'Yan'uwa manoma, bayan kaka, in an sayar da amfanin gonar ƙungiya kuɗi ya shiga hannun ma'aji, sai shawarwari su yi yawa a wurin taro. Wannan ya ce a yi kiwon kaji, wancan ya ce a ɓoye hatsi sai damina. Amma shawarar da muka fi ji ita ce ta injin niƙa. Dalilin a fili yake, gama matanmu suna shan tafiya da kwarya a ka zuwa wani ƙauye, wani lokaci su yini a can suna jiran layi. A wannan darasi za mu ɗauki injin niƙa ya zama misali, mu ga yadda ake auna sabuwar sana'a tun ba a taɓa kuɗin jama'a ba. Hanyar ɗaya ce ko da kiwon aladu ne ko matsar man gyaɗa.

Tambaya ta fari ita ce, wa zai kawo niƙa, kuma mudu nawa? Kada mu tambayi mutane a taro, gama kowa zai ɗaga hannu. Gara a zaɓi mutum biyu masu iya rubutu, su zauna a bakin hanya har mako biyu, suna rubuta yawan masu tafiya niƙa da abin da kowace ta ɗauka, masara ce ko dawa ko markaɗen wake. A yi wannan ƙidaya sau biyu, ɗaya bayan girbi, ɗaya kuma a watan Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Mai ƙirgawa da kaka kaɗai yana ruɗin kansa ne. Mu kuma tuna mai injin da ke wancan ƙauye ba zai naɗe hannu ba. Yana iya rage kuɗinsa, waɗansu mata kuwa za su ci gaba da zuwa wurinsa domin ranar kasuwa ce, ko domin yana ba su bashi.

Yanzu sai lissafi, a nan ne kuwa za mu daɗe. Kuɗin da za mu ambata misali ne kawai; kowace ƙungiya ta sa farashin garinta.

A ce ana niƙa mudu ɗaya a kan naira 100, man da injin ke sha a kan kowane mudu kuma ya kai naira 40. Abin da ya rage naira 60 ke nan. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ga riba. Ba riba ba ce tukuna, domin akwai kuɗin da za su fita kowane wata ko an yi niƙa ko ba a yi ba. Albashin mai kula da injin, a ce naira 30,000. Baƙin mai da bel da farantan niƙa waɗanda ke cinyewa, da kuɗin bakanike, a ce 15,000. Ruwan bashin da aka ci domin cika jari, 10,000.

Sauran abu guda wanda kusan kullum ake mantawa: injin yana tsufa. In injin da rumfarsa sun ci naira 1,200,000, muna kuma zaton zai yi mana aiki shekara 5, wato wata 60, to, dole a ware naira 20,000 kowane wata, a ajiye inda ba mai taɓawa. In ba haka ba, ranar da injin ya mutu za a tarar an cinye uwar kuɗi ana tsammani riba ake rabawa. Mun ga inda aka yi ta raba kuɗi kowace Kirsimeti ana murna, a shekara ta huɗu injin ya tsaya, yau kaji ke kwana a rumfarsa.

Duka ya zama naira 75,000 a wata. In muka raba da naira 60, sai mun niƙa mudu 1,250 kafin mu mai da abin da muka kashe. Da yake ba ma aiki ran Lahadi, kwana 26 ke gare mu a wata, wato wajen mudu 48 kowace rana. Sai mu ɗauko littafin masu ƙidaya mu duba. In a watan Agusta mudu 30 ne ke wucewa a rana, to, mun ga amsarmu.

Ko lissafin ya fita daidai, kada mu yi hanzari. Mu sake yinsa da mugun zato. A shekarar 2022 man dizal ya tashi daga wajen naira 300 lita ɗaya zuwa sama da 700. A ƙarshen watan Mayu na 2023 gwamnati ta janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Saboda haka mu tambayi kanmu: in man mudu ɗaya ya koma naira 60 maimakon 40, yaya ke nan? Abin da zai rage naira 40 ne, mudun da ake bukata a wata ya zama 1,875, wato 72 a rana. Ƙarin naira 20 kacal ya jawo mana ƙarin mudu 24 kowace rana. Za a ce sai mu ƙara kuɗin niƙa. Ana iyawa, amma in ya yi tsada mace za ta koma ga turminta.

Batun gyara ba ya bukatar dogon bayani. A san inda bakanike yake da inda ake samun kayan injin. In sai an je Panteka a Kaduna ko Sabon Gari a Kano kafin a sami ƙaramin ƙarfe, a sa kuɗin mota da kwanakin da injin zai yi a tsaye cikin lissafi.

Abin da ya fi kashe injin ƙungiya, a ganinmu, ba mai ba ne, kunya ce. Matar shugaba ta zo, yaro mai injin ba zai iya ce mata ta biya ba. Gidan mai unguwa haka, gidan Fasto haka, kowane ɗan ƙungiya kuma yana cewa ai da kuɗinsa a ciki. In cikin mudu 48 an niƙa 10 kyauta, lissafin nan duka ya rushe. Dole a yanke wannan magana a gaban kowa tun kafin a sayi injin, a rubuta ta a littafi: kowa zai biya, rabon ɗan ƙungiya sai ƙarshen shekara. Mai karɓar kuɗi ya zama dabam da mai tuƙa injin, ma'aji kuma ya riƙa gwada man da aka saya da mudun da aka rubuta kowace Asabar. Mata su kasance cikin kwamitin, gama su ne suka san kyakkyawan gari da wanda ya ƙone.

In akwai hali, a gwada da kaɗan. A yi magana da wani mai ƙaramin inji ya riƙa kawo shi garinmu kwana biyu a mako har wata uku, mu kuwa muna rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Kafin taro mai zuwa, magatakarda ya kawo sunayen mutum biyu da za su zauna a bakin hanya, ma'aji kuma ya tambayo farashin injin da na mai a wurare uku dabam dabam, ya zo da su a rubuce.