Nasiha Ga Matashi Mai Ƙera Ƙananan Motoci

Ɗana, na ji labarin sha'awar da ka ɗauka ta ƙera ƙananan motoci, kuma na yi murna. Kada ka saurari masu cewa wasan yara ne. Yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna yin motar kara da ta gwangwani da ta waya, suna yanka tsohon silifa su fitar da taya, kuma a irin wannan wasa hannu ke fara koyon sana'a. Sai dai kai ka hau mataki na gaba. Kana son ka fitar da motar da tsohon direba zai kalla ya kira sunanta ba tare da an gaya masa ba. Wannan aiki yana tsaye ne a kan awo da haƙuri, kuma a kansu zan yi maka magana.

Kafin ka taɓa reza, ka tsayar da ma'auninka. Idan ka ga an rubuta 1:24 a jikin kwali, ana nufin kowane santimita ɗaya na ƙaramar motar yana matsayin santimita 24 na ta gaskiya. Kamfanonin Japan da na Turai sun fi amfani da wannan, na Amurka irin su AMT kuma sun fi son 1:25. Ɗauki Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Tsawonta ya kusa mita 4.5, saboda haka taka za ta zama kusan santimita 19. Kwantena mai ƙafa 40 kuwa inci 20 za ta zama, domin a wannan ma'auni rabin inci shi ne ƙafa ɗaya. Da zarar ka zaɓi ma'auni, ka bi shi har kan madubi da sitiyari. Yawancin motocin da ake kallo a ji wani abu bai zauna ba, tayar ce ta yi girma ko gilashin ya yi ƙanƙanta, domin mai aikin ya auna bodi da rula, sauran kuma ya yi su da ido.

Bayan haka, ka je ka kalli motar gaske. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya faro ne a 1946 da sana'ar katako, yau kuma duniya ta san shi da ingancin ƙananan motocinsa. Shunsaku Tamiya na wannan kamfani ya taɓa sayen mota ƙirar Porsche 911 sukutum, aka wargaza ta gunduwa-gunduwa don a ga yadda kowane ƙarfe yake. Kai ba sai ka sayi mota ba. Gareji yana nan, tasha tana nan, ga tireloli jere a Tafa da Mararrabar Jos. Ka yi sallama, ka nemi izinin direba, ka duƙa ka ga inda tankin mai ya rataya, yadda sifirin ya hau kan juna, inda salansa ta bi ta fita. Ka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe da ta baya, ka rubuta awon taya da na ƙofa. Direban da ya ga ka zo da ladabi zai nuna maka abin da hoto ba ya nunawa.

Idan ka samu irin wadda ake sayarwa a kwali, kamar Scania da Volvo da DAF waɗanda kamfanin Italeri na Italiya ke yi, ka karanta takardar bayanin haɗawa daga farko har ƙarshe. Ka wanke sassan da ruwa da ɗan sabulu, domin maiƙo yana hana fenti kamawa. Kada ka murɗe sashi daga jikin sandar robar da yake manne da ita da hannu, zai bar rami. Ka yanke shi da ƙaramar filaya, ka bar ɗan ƙari, sannan ka goge da samfefa mai lamba 400, ka bi da 600, ka gama da 1000. Kowane sassa biyu ka gwada haɗa su a bushe tukuna. In sun ƙi zama a bushe, gam ba zai sasanta su ba.

Shi gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, don haka ɗigo a bakin tsinke ya isa. Ba ya kama fenti, ba ya kama farin ƙyallin nan na bamba da wil, sai ka kankare wurin haɗin har roba ta fito. Gilashi kuwa, ka nisanta shi da sufa gulu, domin tururinsa yana barin farin hazo da ke da wuyar fita. Farin gam irin na kafinta ya fi, don in ya bushe ba a ganinsa. Lokacin da kake haɗa ƙashin mota, ka ɗora shi a kan gilashi ko tayil mai santsi, ka tabbatar duk tayoyin sun taɓa ƙasa kafin gam ya riƙe. Tirela mai ɗaga ƙafa ɗaya, ko an yi mata fentin zinariya, ido a kan ƙafar zai tsaya.

Wajen fenti ne ake gane mai haƙuri. Ka fara da fentin shimfiɗa mai ruwan toka, shi zai tona maka duk ƙarzar da ta ɓuya. Ka riƙe gwangwanin feshi nesa da bodi kamar santimita 25, ka fara fesawa kafin hannunka ya iso motar, ka saki bayan ya wuce ta. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo ya cike layin ƙofa. Ka kuma lura da yanayinmu. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, saboda haka ka yayyafa ruwa a ƙasa, kana gama feshi ka kife kwali mai tsabta a kan motar. Da damina danshi yana dusashe ƙyalli, sai ka jira rana ta buɗe. Kada ka shanya ta a tsakar rana, roba na lanƙwashewa. Idan za ka ɗora wani irin fenti a kan wani, ka gwada a bayan cokalin roba, domin mai zafin tina yana yamutsa na ƙarƙashinsa. Sannan ka ɗauke hannunka kwana biyu ko uku. Sauri ya haifi nawa, kuma shatin yatsa a kan ɗanyen fenti yana mayar da aikin mako baya.

In babbar mota kake yi, ka tuna ba a ganinta a hanya fes. Ka niƙa alli mai launin jar ƙasa, ka shafa da busasshen burushi a gindin bodi da bayan taya, ka ɗan baƙanta bakin salansa, ka sa alamar mai a wuyan tanki. Kaɗan ya isa, kuma a inda ka gani a motar gaske kawai.

Ka kula da lafiyarka. Ka riƙa tura reza nesa da yatsanka, ka yi feshi a waje mai iska, nesa da murhu, ka ɓoye ƙananan sassa kada ƙannenka su haɗiye. Ka fara da mota mai sassa kaɗan, kuma ka gama ta kafin ka buɗe wata, domin a gamawa ake koyon abin da farawa ba ta koyarwa. Ka ajiye ta ko da ba ta yi kyau ba, ita za ta nuna maka ci gabanka in ka yi ta biyar. Kada kuma aikin ya ci lokacin sallarka da karatunka. Allah ya sa albarka a hannunka, ya sa wannan sha'awa ta zame maka hanyar arziki.