Fentin Ruwa Da Abin Da Na Gani A Cikinsa

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, ina so in yi muku magana a kan wani darasi wanda yawancinmu mu ke ɗauka lokacin hutawa ne, watau darasin zane. Ni ma da haka na ke. Sa'ad da na shigo kwalejin nan, in an buga ƙararrawar zane sai in ɓoye littafin lissafi a ƙarƙashin tebur ina dubawa, ina cewa a raina wannan ai aikin 'yan firamare ne. Yanzu na sake ra'ayi, zan kuwa faɗi dalili. Amma bari mu san abin kansa tukuna.

Mene Ne Fentin Ruwa?

Fentin ruwa abu biyu ne aka haɗa. Na ɗaya garin launi mai laushi ƙwarai. Na biyu ƙaro, wanda ya ke riƙe garin a jikin takarda bayan ruwa ya bushe. Ƙaron nan ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne wanda a ke samu a jikin dakwara a Borno da Yobe da Jigawa, shi ne kuma malaman allo su ke sa wa tawada don ta kama. Sudan ta daɗe da yin suna wajen fitar da shi zuwa ƙasashen waje. Ashe ɗan akwatin fentin nan da mu ke gani kamar kayan Turawa, mai yiwuwa wani sashinsa daga jejinmu ya tafi ya komo.

Sana'ar ta daɗe. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna zane da tawada da launin ruwa a kan takarda da siliki. A Turai, wani Bajamushe mai suna Albrecht Durer ya zana zomo da fentin ruwa a 1502, har mutum ya ga kamar zai iya ƙirga gashinsa. A 1781 aka ba William Reeves da ɗan'uwansa Thomas lambar yabo a Landan, saboda sun ƙago busassun dunƙulen fenti waɗanda sai a taɓa da jiƙaƙƙen buroshi su ba da launi. Irinsu ne mu ke gani jere cikin akwatin 'yan makaranta.

A ƙasarmu kuwa, Aina Onabolu mutumin Ijebu-Ode, wanda ya rasu a 1963, shi ya yi ta fama har aka karɓi zane cikin darussan makarantun Ikko. A 1927 wani Bature, Kenneth Murray, ya zo koyar da zane, cikin almajiransa kuwa har da Ben Enwonwu. A bayansu an yi Tayo Adenaike, wanda ya yi karatu a Nsukka, ya kuma yi suna da fentin ruwa musamman.

Kayan Aiki

Ba su da yawa. Takarda mai kauri, don marar kauri ta kan tattare in ta sha ruwa. Buroshi biyu, babba da ƙarami. Gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta na haɗa launi. Farin faranti, da tsumma, da fensir. Launi uku sun isa mafari: ja, da shuɗi, da rawaya. Shuɗi da rawaya su ba ka kore. Ja da rawaya su ba ka ruwan goro. Ja da shuɗi su ba ka shunayya. In ka haɗa ukun duka, sai ka sami ruwan ƙasa.

Malamin ƙauye kada ya ce ba shi da kuɗin saye. Jar ƙasa in an niƙa an tankaɗe, da garin gawayi, da bular wanki, in an dama kowanne da ruwan ƙaro kaɗan, fenti ne. Zoɓo da gangamau ma suna ba da launi mai kyau, sai dai su kan koɗe in sun sha rana. Asawaki in an tauna bakinsa ya yi laushi, ya zama buroshi.

Dokoki Uku

Ta ɗaya: farin takarda shi ne haskenka. Mai fentin mai, in yana son fari, sai ya shafa farin fenti a bisa. Mai fentin ruwa kuwa barin wurin ya ke yi, ya kewaye shi da buroshi. Saboda haka tun kafin ka jiƙa buroshi, sai ka san inda ba za ka taɓa ba.

Ta biyu: a fara da mai haske, a ƙare da mai duhu. Fentin ruwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, ana hango na ƙasa ta cikin na bisa. Kana iya ƙara wa wuri duhu ko yaushe, amma mayar da shi haske da wuya.

Ta uku: a jira ya bushe. In ka koma kan wurin da bai bushe ba kana gogawa, launuka su cakuɗe su zama kamar taɓo. Da hunturu takarda ta kan bushe kafin ka juya, sai ka yi hanzari. Da damina kuwa sai haƙuri.

Na haddace dokokin nan don jarrabawa, ban san za su yi mini wani amfani ba.

Abin Da Ya Same Ni

Ina shekara ta biyu, wajen ƙarshen damina, aka yi mini waya cewa mahaifiyata ta rasu. Ƙauyenmu yana cikin duwatsun Filato, hanya kuwa ta lalace da ruwa, kafin in isa an riga an binne ta. Ban yi kuka ba. Mutane suna ta yabona, wai namiji ne. Na yi mako biyu na komo kwaleji, amma sai karatu ya ƙi shiga. In buɗe littafi in yi sa'a guda a shafi ɗaya. Na faɗi gwaji biyu a jere, har na fara tunanin tattara kayana. In aboki ya tambaye ni, in ce lafiya lau. Ba ƙarya na ke nufin yi ba, ni kaina ban san sunan abin da ke damuna ba.

Ana nan sai malamin zane ya ba mu aiki, ya ce kowa ya zana wani wuri wanda ya sani ƙwarai, ba tare da yana kallonsa ba. Na ce gidanmu zan yi. Na fitar da shi da fensir: rumbuna biyu, da shingen ƙyarana, da duwatsu a baya, da hanyar da ta shigo daga bakin gona. A ƙofar madafa na sa Mama zaune tana sheƙar acca, yadda na saba tarar da ita da la'asar. Farin kallabi ta kan ɗaura, saboda haka bisa ga doka ta ɗaya na kewaye ta, na ce sai ƙarshe.

Na yi sama, na jira ta bushe. Na yi duwatsu, na yi rumbuna, na yi shinge. Kwana uku ina wannan aiki bayan an tashi. Da kome ya cika, saura ita kaɗai, sai na gwada fuskarta a wata 'yar takarda. Sau uku ina gwadawa, ba ta fito ba. Hotonta ɗaya tak mu ke da shi, na katin zaɓe, shi ma bai yi kama da ita ba. Na ajiye buroshi na ja da baya don in duba aikin. Kai! Ga gida cike da kome nasa, ga wani farin wuri a ƙofar madafa mai siffar mutum zaune. Haka kuwa na tarar da gidan ran da na isa. Nan take kukan da ya ƙi zuwa wata biyu ya zo.

Malam ya shigo rufe tagogi ya same ni. Bai ce in yi shiru ba. Ya duba takardar, ya ce, "Me ya rage?"

Na ce, "Malam, mutum ɗaya."

Ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Uwata ce."

Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "In ka iya sa ta, ka sa. In ba ka iya ba, aikin ya ƙare haka. Amma hanyar nan fa, me ya same ta? Ka san doka, ga shi ka dagula ta."

Sai a lokacin na lura. Ko'ina cikin zanen launi ya kwanta garau, sai hanyar shiga gida, ita na yi ta komawa ina gogawa har ta zama baƙin taɓo, takardar ta kusa hujewa. Ban amsa masa ba, amma na san amsar. A hutun da ya wuce Mama ta aiko in zo gida, ni kuwa na tsaya a gari ina koyar da yaran mutane don in tara kuɗin makaranta, na ce sai Kirsimeti. Hanyar da ban bi ba ke nan. Ashe ba rashinta kaɗai ke cina ba, har da laifin da na ɗora wa kaina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ni kaina. Hannuna ya riga bakina faɗa.

Daren nan na kira yayata na gaya mata. Ta yi mini faɗa don na riƙe abin ni kaɗai, muka yi kuka tare. Ba zan ce muku fenti ya warkar da ni ba. Nuna mini inda ciwon ya ke kurum ya yi, mutane ne suka taimake ni da sauran. Zanen yana nan cikin akwatina, ban cika farin wurin ba. Inuwa kaɗan na sa a ƙarƙashin faifanta.

Ga Mu Masu Shirin Koyarwa

Yaran da za a ba mu, da yawa suna ɗauke da abin da ba su da kalmar faɗarsa, balle da Turanci. Sa'ad da na fita gwajin koyarwa, wata yarinya 'yar aji uku ta shafe sama da ja. Da a da ne, da na ce mata sama shuɗiya ce, ta sake. Sai na ce, "Ba ni labarin zanen nan." Ta ce daren da wuta ta cinye rumbunsu ne. Tun farkon zango ba ta taɓa yin magana a aji ba sai ran nan.

Saboda haka ga shawarata. Kada mu mai da lokacin zane na ƙarasa lissafi ko na sharar fili. Mu koya wa yara dokokin nan uku sosai, don wanda bai iya riƙe buroshi ba, ba zai iya faɗin kome da shi ba. Wani lokaci mu bar su su zana abin da ke ransu, ba kofi da lemo kullum ba. Kada mu sa jan biro a kan zanen yaro, in akwai gyara mu nuna masa a wata takarda. Mu tambaya kafin mu gyara. In kuwa yaro ya ƙi faɗa, kada mu tilasta shi, kada kuma mu ɗaga zanensa gaban aji sai da yardarsa. In abin da ya faɗa ya fi ƙarfinmu, mu kai wa shugaban makaranta da iyayensa.

Ku kuma, 'yan'uwa, ku gwada da kanku. Ku nemi launi uku da takarda, ku zana wurin da kuka fi sani. In kun gama ku ja da baya, ku dubi inda kuka bari fari, da inda kuka yi ta komawa.