Darasi na 27: Mai riƙe gindin kiɗa

A Tamaske, ranar biki ko ranar kokowa, kunnen jama'a yana wajen mawaƙi. Shi ake yi wa kyauta, shi ake zance in an koma gida. Amma a bayansa akwai mai babbar ganga. Ba ya kirari. Bugu ɗaya yake maimaitawa, mai kauri. In ya tsaya, sai ƴan rawa su rikice, ƙafa ta rasa inda za ta sauka. Shi ne mai riƙe gindin kiɗa.

A ƙasar Amurka akwai wani kiɗa da ake kira jaz. Baƙar fata ne suka soma shi, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Mahaifarsa birnin Niyu Oliyans, a bakin kogin Misisifi. A zamanin bauta, ran Lahadi, bayi sukan taru a wani fili na birnin, Dandalin Kwango, su yi kiɗa da rawa irin na gida. A 1819 wani Bature mai zanen gine-gine, Binjamin Latrob, ya ga taron. Ya zana wani abin kiɗa da ya gani hannun wani tsoho: jikinsa ƙwarya, wuyansa dogo, ga tsarkiya. Wanda ya san gurmi, in ya ga zanen nan zai ce ƴan'uwa ne. An hana bauta a Amurka a 1865. Wajen 1900 kiɗan gida ya garwayu da waƙoƙin coci da ƙahonin soja, jaz ya fito.

Jaz ma yana da mai riƙe gindi. Abin kiɗansa sunansa bas, da Faransanci kwantirbas. Siffarsa kamar goge, amma na katako ne, tsawonsa kusan mita 2, tsarkiyarsa 4 masu kauri. A ƙasa ake kafa shi, makaɗi ya tsaya ya rungume shi. Ana goga shi da bakan izga, ko a fizgi tsarkiya da yatsa. Mutanen farko sun ƙara wata dabara. Da yake lokacin babu lasifika, ƙahoni kuma suna danne kowa, sai mai bas ya ja tsarkiya da ƙarfi ya sake ta, ta mari katako. Ta haka ya zama mai goge da mai ganga gaba ɗaya. In za a zaga gari ko za a raka gawa, ba a iya tafiya da bas. Sai a ɗauki tuba, wani ƙaton ƙaho na ƙarfe, ya yi aikinsa.

To, yaya aka san duk wannan? Ba daga faifai ba. Faifan jaz na farko sai a 1917 ya fito, kuma Turawa ne suka yi shi. Na'urar ɗaukar murya ta lokacin ba ta kama muryar bas sosai, sai bayan 1925 da aka soma ɗauka da lantarki. Badi Boldin, mai busa ƙaho, wanda tsofaffi suka ce shi ne sarkin farko, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya rasu can a 1931. Babu faifansa ko ɗaya a hannun kowa. Abin da aka sani na shekarun farko, yawancinsa daga bakin tsofaffin makaɗa ya fito. Wasu mutane suka zauna gabansu, suka saurara, suka rubuta.

Littafin da ya fi dacewa da wannan darasi shi ne na Pops Fosta, mai bas. An haife shi a 1892 a wata gonar rake ta jihar Luziyana. Iyayensa ba masu hali ba ne. Ya ce bas ɗinsa na farko wansa ya haɗa masa da gangar katako da ake zuba garin alkama, da sanda, da igiya murzajjiya, kamar yadda yara suke haɗa ɗan gurmi da gwangwani. Da ya girma ya yi kiɗa cikin jiragen ruwa na Misisifi. Daga 1935 zuwa 1940 yana cikin ƙungiyar Luwis Amstiron. Da kasuwar tsohon kiɗa ta faɗi, ya kama aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyu Yok, bas yana jingine a ɗaki. Daga baya aka sake nemansa, har ya je wasa Faransa a 1948. Da ya tsufa, wani mai suna Tom Istodad ya riƙa zuwa wurinsa da rakoda. Fosta ya rasu a 1969, littafin ya fito a 1971. Da Istodad ya yi jinkirin shekara 3, da labarin ya bi mai shi kushewa.

Daɗin littafin nan shi ne Fosta bai ɗauki kansa sarki ba. Mai tsayuwa a baya yana ganin kowa. Ya faɗi wanda ya iya da wanda bai iya ba, da kuɗin da ake biya, da wulakancin da baƙar fata suke sha a hanya.

Luwis Amstiron shi da kansa ya rubuta nasa, Satchmo, wanda ya fito da Ingilishi a 1954. An haife shi a 1901 cikin talauci. Daren sabuwar shekara, ƙarshen 1912, ya harba bindiga sama don wasa, aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara. A can ya koyi busa ƙaho. Da ya fito, da rana yana jan amalanken gawayi da alfadari, da dare yana busa. A 1960 ya zo Nijeriya, ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

Akwai kuma Mister Jelly Roll, na 1950. Alan Lomas ne ya ɗauki maganar Jeli Rol Motan, mai kaɗa fiyano, a 1938. Wannan sai an karanta shi da lura. Motan gwani ne, amma akwai cika baki: ya ce shi kaɗai ya ƙago jaz a 1902. Mai bincike ba ya tsayawa ga bakin mutum ɗaya. Yakan jera maganar Motan da ta Fosta da ta Amstiron, ya ga inda suka haɗu.

Bas bai dawwama a baya ba. A 1939 wani saurayi, Jimi Bilantan, ya shiga ƙungiyar Diyuk Elintan. Ya sa bas ya riƙa rera waƙa shi kaɗai, sauran suna saurare. Tarin fuka ya kashe shi a 1942, yana da shekara 23, amma masu bas na bayansa hanyarsa suka bi.

Littattafan nan da Ingilishi aka wallafa su. Akwai wani kuma da ya shafi ƙasar Hausa. Yusuf Latif, Musulmi baƙar fatar Amurka, gwanin busa a jaz, ya zauna Zariya daga 1981 zuwa 1985, a Jami'ar Ahmadu Bello, yana nazarin sarewar Fulani. Shi da Ziki Kofoworola suka rubuta Hausa Performing Arts and Music, ya fito a 1987.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin mai babbar ganga a wurin biki?
2. Don me masu bas na farko suke marin tsarkiya?
3. Me ya sa ba a iya jin busar Badi Boldin?
4. Don me ba a yarda da maganar Motan ita kaɗai ba?

Aiki

Ɗalibai su rabu uku uku. Kowane rukuni ya je wurin wani tsohon makaɗi na unguwarsu, mai ganga, ko mai gurmi, ko mai goge. A gaishe shi da ladabi, a tambaye shi wa ya koya masa, da me ya haɗa abin kiɗansa na farko, su wa ya yi wa kiɗa. A rubuta amsarsa da Hausa yadda ya faɗa, a sa kwanan wata, a kawo wa malam ran Litinin.