Ciwon Cikin da Ba Ya Jiran Wayewar Gari

A gidaje da yawa a Minna, daga Bosso zuwa Kpakungu, ciwon ciki ba ya wuce sunaye uku: olsa, basir ko taifot. Da zarar an raɗa masa ɗaya, sai a aiki yaro kemis, ko a jiƙo sassaƙe. Sau da yawa ciwon yakan lafa, gama yawancin murɗar ciki da gudawa sukan wuce da kansu cikin kwana biyu ko uku. Wannan ne yake yaudarar iyali, har ranar da ciwon da yake bukatar tiyata zai zo, a yi masa irin tarbar da aka saba.

Zazzaɓin taifot yana shiga jiki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, abin da ba baƙo ba ne a unguwannin da suka dogara ga rijiya da 'yan garuwa. Ƙwayar cutar takan yi gyambo a jikin ƙaramin hanji. Idan ba a sha maganin da ya dace har ƙarshe ba, gyambon yana iya huda hanjin a mako na biyu ko na uku, ƙazanta ta tsiyaya cikin ciki. Yaron da ya kwana goma yana zazzaɓi, sai cikinsa ya murɗa ƙwarai, ya kumbura, ya yi tauri kamar katako, ya kwanta shiru ba ya yarda a taɓa shi, wannan yaro ba na kemis ba ne. Babu allurar da take ɗinke hanji. A kai shi Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB a daren nan, kada a ba shi abinci, kada kuma a ba shi maganin wankin ciki. Masu so su fara kai shi wurin addu'a su tuna cewa ana iya yin addu'ar a cikin mota.

Haka yake da ciwon afendis, wanda yakan fara a wajen cibiya, ya gangara ƙasan ciki ta dama, da amai da ƙin abinci. Kwana biyu sun isa ya fashe. Haka kuma ƙabar da ta saba komawa in an danna, sai ta ƙi, ta yi zafi, ga amai, babu bayan gida, babu ko tusa: hanji ne ya maƙale. Macen da watanta ya wuce, sai ciwo mai tsanani ya soke ta a gefe ɗaya na mara har tana ganin jiri, mai yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, jini kuma yana zuba a inda ido ba ya gani.

Basir shi ne ya fi shan ƙage. Gaskiya ne yana kawo jini, amma ba kowane jini ne nasa ba. Mutumin da ya haura shekara 40, yana ganin jini a bayan gida mako bayan mako, yau gudawa gobe taurin ciki, yana kuma ramewa, yana bukatar likita ya duba shi, domin sankarar hanji haka take farawa, kuma tana jin magani in an kama ta da wuri. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aman jini, alama ce gyambon ciki yana zubar da jini. Magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac, waɗanda manoma da 'yan kabu-kabu suke haɗiya kowace yamma, suna cikin manyan masu jawo shi.

Gudawa kuwa ƙarewar ruwan jiki ne hatsarinta. A annobar kwalara ta 2021 mutum fiye da 3,000 suka mutu a Nijeriya, Jihar Neja na cikin jihohin da ta shafa. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Amma idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko jariri ya ƙi nono, sai asibiti nan take don ƙarin ruwa.

Mai rakiya ya tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha, har da na gargajiya, ya kuma iya faɗa wa likita sa'ar da ciwon ya fara da ranar bayan gida na ƙarshe.